Uwar Maƙera a Cikin Gilashi

Laifina ne, kuma gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Kawu Sidi ya ce in tura ƙunshin ƙarƙashin gado, kada in taɓa shi sai an kwance masa ido. Na ce to. Ban cika kwana huɗu ba na saɓa shi a kafaɗa na nufi shago da shi, don kawai in rufe wa wani ɗan Yaman baki. Duk wahalar da na sha a Jidda daga nan ta taso.

Abin da ke cikin ƙunshin uwar maƙera ce, wato ƙarfen da ake ɗora azurfa ko tagulla a kai a buga. Tamu ba irin ƙatuwar nan ba ce ta masu ƙera garma. Kanta bai fi tafin hannun babban mutum ba, kuma tana da ƙafa ɗaya mai tsini da ake kafawa a kututture. Amma nauyi, sai ka rantse jaki ne ya mutu a cikin jakata. Mu maƙeran fada ne a Agadas, gindin duwatsun Abzin. Da kakana na wajen uwa ya rasu, ƙarfen ya zama na babban ɗansa, Kawu Sidi, wanda ya daɗe yana ƙira a wani shagon azurfa a tsohon garin Jidda. A gidanmu ba a sayar da uwar maƙera, ba a kuma aika ta hannun baƙo. Ɗan gida ne ke miƙa ta ga ɗan gida. Ni ne wanda lakwal, wato makarantar boko, ta riga ta gaji da shi, shekarata goma sha bakwai, sai Kaka ta haɗa ni da ayarin masu umra na unguwarmu, ta naɗe ƙarfen a tsohon zaninta tsakanin cuku da kilishi.

Zangona na farko a Jidda unguwar Sharafiyya ce, a wani bene da ya tsufa har yana jingina da maƙwabcinsa. Ɗaki ɗaya, mutum shida, na'urar sanyi ɗaya mai tari kamar tsohon da ya ƙare rayuwarsa yana shan taba. Ni da nake taƙamar na san zafi, ashe ban san komai ba. Zafin Agadas gasa mutum yake yi kamar tsire, ya gama ya ƙyale ka. Na Jidda turara ka yake yi kamar dambu, ka fito daga wanka kana neman inda za ka yi wanka. Na tarar da Kawu kwance, an yi masa aikin yanar ido, an rufe masa rabin fuska da auduga. Ya shafa ƙunshin ta bayan zani, bai buɗe ba. Ya ce ba zai karɓi gadon ubansa a makance ba.

Mai gidan, Khala Zainabu, haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka zo daga Katsina da ƙafa. Hausarta rabi ce, sauran rabin Larabci. Kullum da safe sai ta turo mini dafaffen wake da gurasa mai zafi tana cewa, "Yalla ka ci, inta siriri marra, iskar bahar za ta ɗauke ka."

Don kada in zauna banza, Kawu ya tura ni shagon in riƙa shara da goge azurfa. Mai shagon, Abu Majid, shi ne kafilin Kawu, wato iƙamar Kawu, takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannunsa take, in ya ga dama ya sabunta, in ya ga dama Kawu ya tattara nasa ya nasa. Mutum ne mai murmushi da haƙoran gaba kawai. A ɗakin baya akwai maƙera uku, babbansu Ƙasim ɗan Yaman. Larabcin da na tsinta a bakin direbobin Libiya a tashar garinmu ya ishe ni faɗa, ko da bai ishe ni sulhu ba. Tun ranar farko Ƙasim ya sa ni gaba. Wai su a ƙasarsu sarakuna sun gina gidaje hawa bakwai a kan tsinin dutse, mu fa, ban da tanti da raƙumi me muke da shi? Na ba shi labarin fadar Sarkin Abzin. Ya tambayi da me aka gina ta. Na ce da ƙasa. Ya yi dariya har magagari ya faɗi daga hannunsa.

Gaskiyar da Kaka ta shayar da mu tun muna ƙanana ta ishi kowa taƙama. Ta ce a da can ƙabilun duwatsunmu kullum cikin rikici suke a kan rijiya da hanyar ayari, kuma babu wadda za ta yarda ɗan wata ya mulke ta. Da suka gaji da binne 'ya'yansu, sai suka aika nesa aka ɗauko musu sarkin da ba shi da dangi a cikinsu, don ya raba gardama bai karkata ba. Aka gina masa fada mai gajerun ƙofofi, yadda ko kai wane ne sai ka sunkuya kafin ka shiga. Buzu ya sauko daga dutse da cukunsa, Bahaushe ya zo da hatsi da tufa, Bafillace da shanu, Batube da dabino da gishiri, Balarabe da hajarsa. Kowa da unguwarsa da harshensa, amma in magana ta lalace ƙofa ɗaya ake nufa. Mu kuwa maƙera muna tsakiya. Mu ke gyara makullin ƙofar ciki, mu ke yi wa takubba ado, mu ake aika da saƙon da manya ke jin kunyar faɗa da bakinsu. A gefen uwar maƙerarmu akwai tsaga bakwai, duk wanda ya gaje ta sai ya yi tasa.

Amma ni Ilyasu, gaskiya ba ta taɓa isata ba sai na zuba mata yaji. Washegari na dire ƙarfen a gaban Ƙasim. Na ce shekararsa dubu. Na ce a kansa aka ƙera takobin sarki na farko, wanda ya sari dutsen Bagzan ya tsage biyu, har yau ta tsagar ayari ke wucewa. Na ce duk ranar da sarki zai rasu ƙarfen yakan yi gumi. Na ce Turawa sun zo da jirgi biyu don su ɗauke shi, kakana ya kore su da zugazugi. Ƙasim ya yi tsit, ni kuwa daɗi har cikin ƙashina. Ban lura ba ashe Abu Majid yana tsaye bayan labule, kuma a karon farko murmushinsa ya kai ido.

Ya ce abu mai daraja haka bai kamata ya zauna cikin hayaƙi ba, in bar shi a tagar shago kwana ɗaya baƙi su gani. Ya shimfiɗa masa jan ƙyalle. Na tsaya a bakin ƙofa ina hura hanci, ina ƙara wa duk mai wucewa shekara ɗari. Kwana ɗaya ya zama biyu. Ranar ta uku na iso da safe na tarar da jan ƙyallen shi kaɗai.

Na tambayi Abu Majid inda uwar maƙerar take. Ya ce halas, ta tafi. Wani babban mutum mai tara kayan tarihi ya gani ya so, kuma irin waɗannan ba a ce musu a'a. Ya dafa kafaɗata, ya ce zai kawo wa Kawu sabuwa fil mai ƙyalli wadda ta fi wannan tsatsar. Sannan cikin taushin murya ya tuna mini cewa wata mai zuwa ne za a sabunta iƙamar Kawu.

A ranar aka kwance wa Kawu ido. Abin da ya fara nema ya gani shi ne ƙunshin. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da jiragen Turawa. Bai zage ni ba. Ya ja amawalinsa sama har ƙarƙashin ido, yadda manyanmu ke yi in ba sa so a karanta fuskarsu.

"Wa ya fitar da ita daga ƙarƙashin gado?"

"Ni ne, Kawu."

"To."

Da ya kama ni ya yi mini dukan sakwara da ya fi mini sauƙi a kan wannan "to". Daga baya ya ce shi ba zai ja da kafili ba, bakuna takwas ne ke jiransa a gida. Ya ce ranar Talata ayarin umra zai koma, in bi su. Na ce ba zan tsaya gaban Kaka in ce mata na kai gadon mijinta tagar shago ba. Ya ce bizata za ta ƙare. Na ce ta ƙare. Ranar Talata ayari ya tashi ina kan rufin bene ina cin gurasar Khala Zainabu.

Ƙasim ne ya fara taimaka mini, shi da ya tsokane ni. Ya same ni a lungu yana waige-waige, ya ce direban da ya zo ɗaukar ƙarfen baƙin mutum ne mai jin Hausa, kuma yakan sha shayi da safe a unguwar Bagdadiyya, inda direbobi ke jiran iyayen gidansu su fito daga ofisoshi. Ya ƙara da cewa shi ma kakansa maƙeri ne, sannan ya juya da sauri kamar ya yi sata.

Kwana biyar na yi ina sintiri a Bagdadiyya, ina leƙa fuskar duk baƙin mutum mai riƙe da makullin mota. A nan na haɗu da wani ɗan ƙasarmu mai farar jallabiya da ƙamshin turare, ya ce shi mai gyaran takardu ne, babu babban gida a Jidda da bai san ƙofar bayansa ba. Ya saurari labarina har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ai ya san mutumin, in ara masa wayata ya kira shi, tasa ba caji. Ya kara a kunne, yana sallama yana takawa a hankali don neman inda ba hayaniya, har ya sha kwana. Ina jin har yanzu yana can yana kira.

Ranar ta shida na sami direban. Abakar sunansa, ɗan Chadi, dogo kamar an ja shi da igiya, shi ke tuƙa mahaifiyar babban mutumin nan mai tara kayan tarihi. Da na gama ba shi labari ya daɗe yana juya cokali a kofi. Ya ce mai gidansa, Shaikh Abu Nasir, ba mugu ba ne, amma abin da ya shiga ɗakin tarihinsa ko ƙuda ne ba ya fita. Na ce ya kai ni in gani kawai. Ya ce in na jawo masa tsiya zai rantse bai taɓa ganina ba.

Abhur, unguwar da gidan Shaikh yake, wata duniya ce. Gidaje manya kamar asibitoci, katanga doguwa, titi shiru ba ko akuya. Abakar ya shigar da ni a matsayin mai wanke mota, da azahar ya buɗe mini ɗakin. Sanyi ya dake ni kamar na shiga randa. Takubba, tsofaffin ƙyamaren katako, butocin gahawa jere, bindigogi masu dogon wuya. A tsakiya, cikin akwatin gilashi, da fitilarta ita kaɗai, ga uwar maƙerarmu. An goge ta har ta rasa kamanninta. A gabanta akwai kati da rubutun ruwan zinariya. Abakar ya karanta mini: shekara dubu, takobin da ya tsaga dutse, gumin mutuwar sarki. Jiragen Turawa ne kawai suka bari. Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa rubuta maganata ba sai ranar, kuma duk ƙarya ce.

Muna nan mai gidan ya shigo. Mutum ne mai sanyin hali, da ɗan gemu fari. Da ya ji daga ƙasar ƙarfen na zo, murna ta kama shi. Ni kuwa na riga na shirya dabara. Na ce masa an cuce shi, wannan guntun ƙarfen tsohuwar mota ne, a bola aka tsinto shi, ya ba ni in jefar masa. Fuskarsa ta canza. Ya ciro waya ya ce yanzu zai kira Abu Majid, shagon nan sai an rufe shi da duk wanda ke ciki. Na hango Kawu a tashar jirgi da jakarsa. Nan take na lashe amaina, na ce wasa nake yi, na faɗa masa gaskiyar tsaga bakwai, na lissafa masa sunayen mutum bakwai ɗin da abin da kowanne ya ƙera wa fada. Ya saurara baki buɗe, ya ce wallahi wannan ya fi abin da ke kan katin daɗi, za a sake rubutawa. Na zo rage mata daraja na ƙara.

Sai na miƙe tsaye na roƙe shi kai tsaye, Abakar yana fassarawa yana gumi. Shaikh ya girgiza kai. Ya ce a nan tana cikin sanyi da tsaro, manyan baƙi suna ganinta, mu kuwa ba mu san darajar abinmu ba, shi ya sa muke dukansa da guduma.

"Faɗa masa," na ce da Abakar, "ƙarfen da ba a duka gawa ne. Kabari ya gina mata."

Ban san yadda Abakar ya juya maganar ba, amma gajeruwa ta fito. Shaikh ya yi murmushi ya ce a kawo wa yaron ruwan lemo. Na ce ba na sha. Na fita.

A wajenmu mai daraja yana da kunya, maƙeri ba shi da ita, kuma wannan shi ne aikinsa. In maƙeri ya roƙi mai gida abu, ba a hana shi, don hana shi abin faɗe ne har jikoki. In kuwa aka hana shi, ba ya zagi, ba ya faɗa. Zama yake yi a ƙofar gidan, ba ya cin abincin gidan, ba ya shan ruwansa, duk wanda ya tambaye shi sai ya faɗi dalili. Kaka ta ce ko a ƙofar fada an taɓa yi, kuma kafin la'asar aka fito da abin. Na sami inuwar katanga daura da ƙofar Shaikh na zauna. Abakar ya leƙo ya ce nan ba dutsenku ba ne, mahaukaci, motar 'yan sintiri tana wucewa. Na ce ta wuce.

La'asar ta yi ba a fito da komai ba. Ba wanda ya ma tambaye ni, don a Abhur ba a tafiya da ƙafa. Motoci ne ke wucewa da gilashi a rufe. Wani mai shara ɗan Bangaladash ne ya fara tsayawa. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma ya raba gurasarsa biyu, ya nuna mini famfon masallacin unguwa da barandar da zan iya miƙe ƙafa. Washegari wani injiniya ɗan Kaduna mai gudun motsa jiki ya ji ina waƙa da Hausa ya ja birki. Da ya ji labarin ya ce, "Ƙanena, ka rufa wa kanka asiri, kwashe ka za su yi." Da ya ga ba zan tashi ba ya cire hularsa ya kifa mini a ka.

Abin da ya fi yunwa ci mini rai shi ne rashin dutse. Ko ta ina ka duba, ƙasa shimfiɗe take har ta faɗa teku. A gida in ka ɗaga kai sai ka hango duwatsu baƙi-baƙi, ka san a bayansu akwai lambunan rumman da lemo, da rijiyoyin da raƙumi ke ja. Na riƙa rufe ido ina bin layin kasuwarmu shago bayan shago, ina jin ana ciniki da harshe huɗu a kan tabarma ɗaya. In na buɗe sai in ga ƙofar ƙarfe da kyamara tana kallona. Na riƙa yi mata gwalo don kada ta zaci na karaya.

A yini na biyu motar da Abakar ke ja ta tsaya a gabana. Gilashin baya ya sauka kaɗan, na ga idanun wata tsohuwa. Ita ce mahaifiyar Shaikh, Sitti suke ce mata. Ta yi wa Abakar tambayoyi, motar ta shige. Jim kaɗan ya fito da tire, shinkafa da naman rago, tururi na tashi, ga gorar ruwa mai raɓa. Cikina ya zage ni da Hausa da Buzanci da Larabci da ɗan Faransancin da na tsira da shi daga lakwal. Na ce ya mayar, ya ce mata na gode.

Da ya sake fitowa yana ta mamaki. Ya ce sau uku tana tambayarsa, bai taɓa ba, ko ruwan? Da ya tabbatar mata sai ta yi dariya har da tari. Ya ce ita ba 'yar Jidda ba ce, a duwatsun kudu aka haife ta, cikin gidan dutse mai hawa, kuma kullum tana ƙorafin cewa mutanen bakin teku sun manta komai.

Rana ta uku Juma'a ce, ranar da Shaikh ke tara baƙi cin abinci bayan an sauko daga masallaci. Motoci suka yi layi, dole mutane suka taka 'yan taku zuwa ƙofa. Na miƙe, na kaɗe wandona, duk wanda ya zo wucewa in yi masa sallama in ce, "Ana haddad. Sindan jaddi juwwa." Wato ni maƙeri ne, uwar maƙerar kakana tana ciki. Wasu suka kau da kai, wani ya miƙo mini sadaka na ƙi karɓa, wani tsoho mai jan gemu ya tsaya ya dube ni tun daga hula har silifa. Ina cikin haka Abakar ya fito fuska ba jini, ya ce Sitti ta ce in shigo majalisi, ɗakin da baƙin ke zaune.

Mutum sun kai talatin a zaune, kowa fari fat, ni kuwa da dauɗar kwana uku, ina wari kamar tsohuwar salka. Aka nuna mini gefen kafet. Mai zuba gahawa ya zo kaina ya miƙo ɗan finjali. Ƙamshin ya bugi hancina, maƙogwarona a bushe kamar fatar ganga. Na karɓa da hannun dama don kada in yi rashin ladabi, amma gidan da ya hana ni ba zan sha ruwansa ba. Na ajiye finjalin a ƙasa a gabana.

Hira ta yanke kamar an sa wuƙa. Kowa ya zuba wa finjalin ido. Na ce a raina shi ke nan, na zagi iyayensu ban sani ba, na fara auna nisan ƙofa. Abakar da ke durƙushe a bayana ya matso kunnena. Ya ce a al'adar mutanen nan, baƙon da ya ajiye gahawa bai sha ba yana da buƙata, kuma abin kunya ne ga mai gida gahawar ta huce bai biya masa ba. Ashe tsohuwar ta san abin da take yi. Ta ga ba na cin abincin gidan, ta san ko an miƙo mini ba zan sha ba, shi ya sa ta tura ni gaban shaidu.

Tsohon nan mai jan gemu ya tambayi abin da nake so. Na faɗa da Hausa, da ƙarfi, ba ƙari ko na shekara ɗaya. Na ce ƙarfen kakana ne, mutum bakwai sun yi aiki a kansa, na takwas yana Sharafiyya da sabon ido yana jiran ya gan shi, kuma ni ne wawan da ya fitar da shi. Shaikh ya gyara zama. Ya ce in zaɓi duk abin da nake so a ɗakin, ko takobi, ko butar azurfa, ban da wannan. Na naɗe hannu ina kallon finjalin, tururinsa yana raguwa.

Sai muryar Sitti ta fito daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, siririya, ba gaggawa. Abakar ya fassara mini daga baya, amma tun a lokacin na ga inda ta sauka.

"Ya Abu Nasir, ubanka bai taɓa barin gahawa ta huce a gaban baƙo ba."

Shaikh ya dubi ƙofar, ya dubi baƙinsa, ya dubi silin. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan makulli ya miƙa wa Abakar.

"Sha gahawarka," ya ce.

Na ɗaga na shanye. Ɗigo uku ce, ɗaci kamar maganin shawara. Aka kawo uwar maƙera aka dire mini a cinya, sanyi ƙalau kamar an ciro ta daga rijiya. Ina shafa tsagoginta na ji Shaikh yana cewa tsakanin haƙora, shi da Abu Majid za su gana. Na san in suka gana a kan Kawu za a huce. Na miƙa finjalin, mai zubawa ya ƙara mini, na sake ajiye shi a ƙasa.

Tsoho mai jan gemu ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Wani ya ce wannan yaron zai kwashe gidan kofi-kofi. Na ce buƙata ta biyu ƙarama ce, kada abin ya taɓa iƙamar kawuna. Shaikh bai yi dariya ba, amma ya ɗaga hannu ya ce ya ji, zai yi magana da Abu Majid yadda ba za a taɓa kowa ba, in sha in tashi tun kafin in nemi motarsa. Na sha. Sannan na ci shinkafar gidan har sai da wani ya tambayi Abakar ko ni kaɗai ne ko akwai wasu a cikin rigata.

Abakar ya naɗe ƙarfen a tawul ya sa a bayan mota ƙarƙashin keken da ake tura Sitti a kai. Ya ce zai kai ta gidan 'yarta da la'asar, daga can ya wuce Sharafiyya ya miƙa wa Kawu. Na ce ɗan gida ne ke miƙawa. Ya ce to in riga shi isa in jira shi a ƙofa, don ba zai sa ni mota ɗaya da tsohuwa ina wannan warin ba. Na kama hanyar babban titi da ƙafa don in sami mota, ina tafe ina tsara yadda zan ba Ƙasim labarin, har na kai baƙin majalisin mutum ɗari uku.

Ban kai titin ba motar 'yan sintiri ta tsaya a gefena. Kalma ɗaya suka ce, iƙama. Na fara yi musu bayanin ƙabilun Abzin da gajerun ƙofofin fada. Suka buɗe mini ƙofar baya, ita ma gajeruwa ce. Ko wani maƙwabci ne ya kira su, ko sun gaji da ganina ne kawai, ban sani ba. Abakar ya rantse ba daga gidansu ba ne.

Mako uku na yi a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. A can wani ya ara mini waya na kira Kawu. Ya ce Abakar ya jira ni a ƙofa har magariba, da bai gan ni ba ya ba Khala Zainabu ƙunshin, ita ta hau da shi sama ta ce ai ita ma 'yar gida ce, wanda ya musa ya fita mata daga bene. An sabunta iƙamar Kawu, yana aiki a kan ƙarfen ubansa. Ni kuwa an ɗauki hoton yatsuna, an ce kada in sake taka ƙasar sai bayan wasu shekaru, aka sauke ni a Yamai da hular ɗan Kaduna da silifa wari ɗaya.